Cikon Kuɗin Alkaki

Duk shekara, idan watan azumi ya raba tsakiya, nakan tuna da wani gida a cikin birnin Kano, da wata tsohuwa da muke kira Iya, da kuma wani laifi da na yi ina da shekara 15. Laifin bai kai a gurfanar da mutum gaban alƙali ba, amma har yau idan na ji ƙamshin zuma a kan wuta sai kunya ta kama ni. A ranar ne na fara sanin irin wahalar da ake sha kafin a cika kwanon da ake ajiye wa baƙi ranar Sallah.

A Gwagwarwa na tashi, wata unguwa da ke wajen ganuwar Kano, inda Hausawa da Yarabawa da Ibo da Barebari da Nufawa suke zaune gida na jikin gida. Mahaifina malamin makarantar firamare ne. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma akwai abu guda da ba ya bari ya wuce shi: duk Ƙaramar Sallah sai an aika wa maƙwabta da dangi kwanon kayan zaƙi daga gidanmu.

Ƙaramar Sallah takan zo ranar 1 ga watan Shawwal, bayan an yi azumin kwana 29 ko 30. Ba wanda yake da tabbacin ranar sai an ga jinjirin wata, Sarkin Musulmi ya ba da sanarwa daga Sakkwato. Saboda haka matan gida sukan shirya da wuri. Tuwo da miya da waina ba sa jure ajiya, don haka sai daren Sallah ko da asuba ake yin su. Amma akwai kayan da ake tanada tun kafin ranar, domin suna daɗewa ba su lalace ba. Su ne alkaki da nakiya da dubulan da gireba da cincin.

Cincin ba baƙo ba ne a ko'ina a Nijeriya. Ana soya shi a Legas da Inugu da Kalaba kamar yadda ake soya shi a Kano, kuma Umma da kanta take yin namu. Sauran kuwa sai gwanaye. Da alkama ake yin alkaki: a barza ta, a kwaɓa, a bari ta kwana ta yi tsami, a naɗa, a soya, sannan a tsoma a cikin zuma ko dafaffen sukari. Nakiya da shinkafa ake yin ta: a daka shinkafar ta zama gari, a soya garin, a haɗa da zuma ko sukari da man shanu da kayan ƙamshi irin su citta da kanumfari da masoro, a kirɓa a turmi, a dunƙula. Dubulan da fulawa da ƙwai ake yin sa: a murza kwaɓin ya yi falle-falle, a yanka, a naɗa shi kamar fure, a soya, a tsoma a ruwan sukari. Gireba ita kaɗai ce ba a soyawa. Gasa ta ake yi, da riɗi a samanta, kuma da an sa ta a baki sai ta narke.

Wasu daga cikin sunayen nan suna ɗauke da tarihi. Kalmomin alkama da alkaki da gireba da gurasa duk daga Larabci Hausa ta aro su. Shekaru aru-aru fataken Larabawa sun riƙa keto hamada daga Tarabulus da Gadamas zuwa Kano, suna cin kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wasunsu sun zauna, sun yi aure, har unguwarsu ta sami sunan Dandalin Turawa, domin a da Larabawa ake kira Turawa. Daga irin waɗannan gidaje wasu girke-girken alkama suka bazu, matan Kano suka karɓa, suka mayar da su nasu. Yau ba a cika kai garar amarya ba tare da alkaki da nakiya da dubulan ba.

Gidan Iya yana cikin wani lungu a bayan kasuwar Kurmi. Ba shi da allon talla, ba shi da kanti. Ƙamshi ne yake nuna wa baƙo ƙofa. Iya ƙawar kakata ce tun suna 'yan mata, shi ya sa take yi mini wasan jika, tana kirana kishiyarta, kamar yadda kakanni mata suke tsokanar jikokinsu. Ba ta yin kaya ta ajiye tana jiran mai saye. Sai an ba ta aiki take yi, kuma da kwano ake aunawa. Mutum ya ce, "A yi mini alkaki na kwano uku," wato na alkama kwano uku. Sai ya ba da kafin alƙalami, wato wani kaso na kuɗin da ake biya tun farko don a tabbatar da ciniki. Cikon kuma sai ranar karɓar kaya. Iya ba ta da littafi. A bayan ƙyauren ɗakinta take jan layi da gawayi: dogon layi gida guda, gajerun layuka adadin kwano. Ban taɓa jin an ce ta yi kuskuren lissafi ba.

A shekarar da nake ba da labari, Umma ta haihu ana saura mako guda a fara azumi, tana cikin wankan jego, ba ta fita. Ni ce babba a gida, don haka aiken ya faɗo kaina. Ranar 10 ga azumi na kai kafin alƙalami: alkaki na kwano uku, nakiya na kwano biyu, dubulan na kwano biyu. Iya ta ja layukanta, ta ce in dawo ranar 28.

To, a wannan shekarar ne aka buɗe wani sabon gidan burodi a bakin titin unguwarmu. Gabansa duk gilashi ne, ciki kuma ga fitilu ko da rana. Ban da burodi suna yin kek iri-iri, wani da farin kirim a samansa, wani an zana masa furanni ja da kore. A makaranta ba a hirar komai sai wannan kek. Wata 'yar ajinmu ta ce su a gidansu an daina cin alkaki, wai kayan tsofaffi ne. Maganar ta zauna mini a rai. Na je na sami Umma na ce, "Umma, bana mu sayi kek mana. Kowa shi yake saye."

Ta dube ni, ta ce, "Kek ɗin gida nawa zai zagaya? Gida 14 muke kai wa kwano. Kuma mun riga mun ba Iya aiki."

Na yi shiru, amma ban haƙura ba.

Ranar 28 ga azumi, bayan sallar azahar, Baba ya ƙirgo cikon kuɗin ya ba ni, ya ƙara da kuɗin mota. Umma ta ba ni babbar kwalla mai murfi, ta ce in kula da hanya. Rana tana dukan ƙasa, ga ƙishirwa, ga yunwa. Da na zo daidai gidan burodin nan sai na ce bari in leƙa kawai. Mai azumi kuwa komai ya gani sai ya ga ya fi kyau. Na tsaya gaban gilashi ina kallon wani kek mai farin kirim, zuciyata tana yi mini lissafi. Ta ce, idan na cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin, sai in ce wa Iya Umma ta ce a rage kaya. Ai ba sata ba ce, tunda duk gida za a kai. Kafin in gama tunani har na miƙa kuɗi, an sa mini kek a farin kwali an ɗaure da zare. Na sa kwalin a cikin kwalla, na rufe, na hau a-daidaita-sahu zuwa Ƙofar Wambai. Daga nan na taka da ƙafa.

Tun daga zaure hayaƙi ya tare ni. Na yi sallama.

"Wa'alaikumus salam. Wa nake ji kamar kishiyata? Shigo mana, ko tsoron aiki kike yi?"

Na durƙusa na ce, "Iya, ina wuni? Ya ibada?"

"Alhamdu lillahi. Ya mai jego? Ya jaririn? Yana shan nono sosai?"

"Lafiya lau. Umma tana gaishe ki."

"Ina amsawa. Ajiye kwallar a nan."

Tsakar gidan ya cika da mata. Biyu suna kirɓa nakiya a turmi, taɓarya tana tashi tana sauka. Ɗaya tana bakin murhu tana juya alkaki a cikin kasko da matsami, gumi yana zuba daga goshinta, ga shi tana azumi. Wata tana tsoma wanda aka kwashe a tukunyar zuma. A gindin bango an jera darurruka an rufe da faifai, kowanne na gida guda. Iya ta nuna mini namu. Alkakin ya yi ja yana ƙyalli, nakiyar an dunƙula ta kamar ƙwallo, dubulan ɗin kuma an jera shi kamar furanni.

Na miƙa mata kuɗin da hannu biyu. Ta ƙirga a hankali, ta sake ƙirgawa. Sannan ta ɗago kai.

"Kishiya, kuɗin nan bai cika ba. Ko sun zube a hanya?"

Da na ce e, da ta yarda. Da na ce Umma ce ta ce a rage, da wataƙila ta yarda. Amma a daidai lokacin wata daga cikin matan ta buɗe kwallarmu don ta fara zuba kaya, sai ga farin kwali a fili. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Bakina ya bushe fiye da yadda azumi ya busar da shi. Na sunkuyar da kai na ce, "Iya, ni na taɓa kuɗin. Kek na saya. A rage kayan, a ba ni daidai abin da na kawo."

Matan suka yi tsit. Iya ta dubi kwalin, ta dube ni.

"A rage? In ce wa alkakin ya koma alkama? Ko in ce wa zumar ta koma cikin amya?"

Ba ta ɗaga murya ba. Da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ta ɗaure kuɗin a haɓar zanenta, ta ce, "Tun kakarki tana da rai nake yi wa gidanku kaya, ban taɓa aika kwalla rabi ba. Kayan uwarki cikakku ne, kuma cikakku za su tafi. Amma ke ba za ki tafi yanzu ba. Wanke hannunki ki zauna."

Ta turo mini faranti da kwaɓin alkama. Ta ce tun jiya da yamma aka kwaɓa shi, ya kwana a rufe, da safe aka zuba masa ruwan kanwa don a kashe tsamin. Ta gutsuri kaɗan, ta murza a tafin hannu ya zama kamar igiya, ta naɗa shi sau biyu, ta manne bakin. Kafin in ƙifta ido ta yi uku. Ni kuwa na farko ya tsinke, na biyu ya yi kauri, na uku ya warware. Ta ce idan ya yi kauri cikinsa ba zai soyu ba, idan ya yi siriri ƙwarai zai karye a mai. Ta kuma nuna mini dalilin da ya sa ake matsa lemon tsami ko a zuba ruwan tsamiya a cikin sukari idan ana dafa shi: don kada ya daskare ya koma ƙanƙara a jikin alkaki. Wajen awa biyu ina zaune, bayana ya ƙage, yatsuna suka yi tsami, amma abin da na naɗa bai rufe gindin faranti ba.

Bayan la'asar sai wani yaro ya leƙo ya ce, "Wai ana sallama da Iya, in ji mai zuma."

Ashe zumar da aka yi aikin da ita bashi ce. Wani dattijo ne yake kawo ta daga ƙauye a farkon azumi, ya bar wa Iya, sai ƙarshen wata ya zo ya karɓi kuɗinsa ya koma gida ya yi wa iyalinsa hidimar Sallah. Iya ta kwance haɓar zanenta, ta haɗa da abin da wasu gidaje suka kawo, ta ƙirga. Bai kai ba. Abin da ya rage kusan daidai yake da abin da na kashe. Ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙaramin gwangwani, ta buɗe.

Akwai wata jikarta marainiya, 'yar shekara bakwai, da take zaune kusa da ni tana ba ni kwaɓi. Da ta ga gwangwanin sai ta ce, "Iya, ai kuɗin ɗinkina ne."

Iya ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Mai zuma hanya zai kama. Ke kina gida."

Yarinyar ba ta yi kuka ba. Ta dai ajiye kwaɓin ta koma bakin ƙofa ta zauna. Na san abin da take tunani, domin kowane yaro ya sani: tela ba ya sakin kaya sai an biya shi, Sallah kuma ko jibi ko gata. Iya ta miƙo mini kuɗin ta ce, "Kai masa zaure, ki ƙirga a gabansa." Na fita na durƙusa na gaishe shi, na ƙirga masa. Ya yi godiya, ya sa albarka, ya ɗauki jarkokinsa ya tafi. Shi bai san komai ba.

Aka cika mini kwalla, aka ɗora mini a ka, na riƙe kwalin kek a hannu. Iya ta rako ni har zaure, ta ce, "Ki gaida mai jego. Abin da ya faru kuma, da bakinki za ta ji, ba da nawa ba."

Na isa gida ana kiran magariba. Ban iya shan ruwa ba sai da na faɗa wa Umma komai, har da maganar gwangwani. Ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Da kuɗinmu kika ci, da sai in ce tsakaninmu ne. To, kin ga wadda kika ɗauki nata." Da Baba ya dawo daga masallaci ta gaya masa. Bai dake ni ba. Ya shiga ɗaki ya fito da kuɗin da ya ware don sayen kajin Sallah, ya cire abin da ya rage wa Iya, ya ce, "Rance na ba ki. Gobe da sassafe ki kai. Goron Sallarki kuma nawa ne har sai kin biya."

Kek ɗin fa? Umma ta ce a yanka, tunda an riga an saya, kuma ba mu da firji, kirim ɗin har ya fara narkewa. Ba zan yi ƙarya ba, yana da daɗi. Ƙannena suka yi ta murna. Amma kafin a fito daga sallar asham ba abin da ya rage sai kwali. Ni ko yanka ɗaya ban iya gamawa ba.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi ina ƙofar gidan Iya. Ta karɓi kuɗin, ta je bayan ƙyaure ta goge layinmu da tafin hannu. Sannan ta mayar mini da su ta ce, "Kama hannun ƙanwarki ku je wajen tela." Muka same shi idanunsa sun yi ja don rashin barci, keke yana ta kuka, yara sun yi layi a bakin shago. Ya karɓi kuɗi, ya zaro wata riga da zane na atamfa daga cikin tarin kaya. Yarinyar ta rungume ledar, ba ta yarda na riƙe mata ba har muka koma gida. A daren nan aka ga wata. Da na yi jinkirin yini ɗaya, da ta yi Sallah da tsohuwar riga.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga Idi, Umma ta zauna ta rarraba kayan a kwanuka 14, ni da ƙannena muka yi ta kaiwa. Akwai maƙwabciyarmu, mutuniyar Ogbomosho, Kirista ce, muna kiranta Maman 'Yan Biyu. Da ta buɗe kwano ta ga alkaki sai ta yi guɗa irin tasu, ta ce rabi za ta ci, rabi za ta aika wa tsohuwarta a gida, domin ko ya yi kwana uku a mota ba abin da zai same shi. Ita ce kuma duk Kirsimeti take aiko mana da shinkafa dafa-duka da cincin a cikin kwanon da muka kai mata. A ranar na gane abin da Umma take nufi da ta tambaye ni gida nawa kek zai zagaya. Washegari da baƙi suka zo daga ƙauye kallon Hawan Daushe, alkaki da nakiya aka ajiye musu. Sauran nakiyar kuwa, Umma ta riƙa gutsura tana ci har ta gama wankan jego. Bashin Baba bai biyu ba sai da na haɗa da goron Babbar Sallah.

Daga baya na riƙa zuwa gidan Iya duk hutu, har hannuna ya faɗa da naɗin alkaki. A nan na ga yawan mutanen da suke cin abinci daga kwalla guda. Akwai manomin da ya shuka alkama da sanyin hunturu a gonakin rani na Kadawa da Kura, inda ake ban ruwa daga madatsar Tiga. Akwai mai injin barza, da mai man gyaɗa, da Bafillatanar da take kawo man shanu, da mai itace, da mai zuma, da matan da ake biya ladan daka da suya. Yawancinsu ba a biyansu sai mai kaya ya kawo ciko. Ribar Iya ita ce ta ƙarshe, kuma ita ce mafi ƙanƙanta. Idan mutum ɗaya ya saɓa, ba a littafin wani kamfani asarar take tsayawa ba. A gwangwanin wata take faɗawa. Hausawa sun ce alkawari kaya ne, ni kuwa na ga wanda ake sauke wa kayan idan mai shi ya yar.

Ban ce gidan burodi abin ƙi ba ne. Su ma sana'a suke yi, suna ɗaukar matasa aiki, kuma yanzu da yawansu suna sayar da gireba da dubulan da cincin a cikin roba mai murfi. Ni kaina nakan sayi kek idan ɗana ya ci jarrabawa. Amma ciniki biyu ne daban. A gidan burodi kaya ne suke jiran mai saye. In ka fasa, wani zai ɗauka. A gidan irin su Iya kuwa, da sunanka aka auna alkama, da sunanka aka ci bashin zuma.

Saboda haka, idan wata rana ka sami kanka a Kano ko Zariya ko Katsina, ko a unguwar Sabo ta Ibadan, ko Agege a Legas, kana son kayan Sallah na gida, ga abin da na koya. Ka ba da aiki da wuri, kafin goman ƙarshe na azumi, domin a lokacin hannun masu yi ya cika. Ka fara da gaisuwa kafin ka ambaci kuɗi. Ka faɗi adadin kwanon da kake so, ka kuma tambaya ko da zuma za a yi ko da sukari, domin na zuma ya fi tsada. Idan za ka nemi ragi, ka nema tun ranar ba da aiki, ba ranar karɓa ba. Idan an ba ka ɗanɗano, ka karya alkakin ka duba cikinsa: mai kyau zaƙin yakan ratsa shi har tsakiya, ba ya warin tsohon mai. A gida ka ajiye shi a mazubi mai murfi, inda ruwa da kiyashi ba za su kai ba, kada kuma a sa jiƙaƙƙen hannu a ciki. Ranar da aka ce ka zo, ka zo da cikon kuɗinka a cike.

Iya ta rasu shekarun baya, Allah ya jiƙanta. Yanzu ina koyarwa a wata makaranta a kudu, nesa da Kano. Marainiyar nan mai rigar atamfa ita ta gaji sana'ar. Ba ta jan layi da gawayi. A waya take rubuta sunayen masu kaya, ta waya ake tura mata kuɗi, ta sa kaya a motar haya, direba ya kira ni in je tasha in karɓa. Hannunta kuwa na Iya ne, har yadda take manne bakin alkaki. Duk shekara ranar 10 ga azumi nakan kira ta in ba da aiki, kuma nakan tura kuɗin gaba ɗaya. Takan ce, "Yaya, ai kafin alƙalami ya isa, ki bari sai kaya sun iso." Ni kuma in ce mata a'a, ta dai karɓa. Ban sani ba ko tana tune da ranar gwangwanin nan. Ban taɓa tambayarta ba. Bana gida 9 zan kai wa kwano a layinmu, kuma biyu ne kawai daga cikinsu suke jin Hausa.